Abin Da Daji Ba Ya Iya Ƙwacewa: Baftisma Da Tashin Matattu A Ƙasar Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

A shekarar 2025 ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sun yi zaman sulhu da 'yan bindigar da suka shekara fiye da goma suna addabar su. A sanadin wannan zama an sako waɗansu daga cikin mutanen da ake tsare da su a daji, suka komo gida. Kafin su kuma akwai ɗimbin waɗanda danginsu suka sayar da shanu da hatsi da gonaki suka fanso. 'Yan siyasa da masana tsaro sun yi ta muhawara a kan amfanin sulhun da illarsa. Mu kuwa masu bi, akwai tambayoyin da suka fi kusa da mu, waɗanda ba gwamnati ce za ta amsa mana su ba. Wanda ya komo daga daji da rauni a jiki da kunya a zuciya, mene ne matsayinsa a cikin ikkilisiya? Wanda kuma bai komo ba, me za mu faɗa wa gwauruwarsa da marayunsa? Amsar tana cikin abubuwa biyu da muke furtawa a sujada, sau da yawa ba tare da mun tsaya mun auna nauyinsu ba, wato baftisma da tashin matattu.

Yadda Abin Ya Faro

Waɗannan ƙananan hukumomi uku ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga, amma sun jingina da manyan dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari. A watan Maris na 2014 aka far wa ƙauyukan Maigora da kewaye a ƙasar Faskari da Sabuwa, aka kashe mutum fiye da 100, a daidai lokacin da Shugaba Jonathan yake ziyara a Katsina. A watan Yuni na 2020 aka yi kisan Kadisau a Faskari. Ranar 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, bayan kwana 6 aka sako yara 344. A watan Satumba na 2021 har sai da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, waɗannan uku suna ciki.

Gaskiya ita ce yawancin waɗanda aka kashe ko aka sace a wannan yanki maƙwabtanmu ne Musulmi. Ranar 19 ga Agusta na 2025, a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, cikin masallaci aka buɗe wa mutane wuta suna sallar asuba, gwammai suka rasu. Duk wanda ya ce wa masu bi su kaɗai ake farauta, bai faɗa musu gaskiya ba. Amma wutar ba ta tsallake majami'u ba. A watan Mayu na 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi, aka tafi da dattijo Fada Joe Keke, wanda aka sako daga baya. A Mayun 2022 aka sace Fada Stephen Ojapa da Fada Oliver Okpara a Gidan Maikambo ta ƙasar Kafur. Ranar Lahadi 15 ga Janairu na 2023 aka shiga wata majami'a a Gidan Haruna ta ƙasar Ƙanƙara, aka raunata fasto, aka kora masu sujada daji. 'Yan sanda suka ce mutum 5 ne, mai taimaka wa gwamna kan harkokin Kirista ya ce 25 ne.

Waɗannan masu bi ba baƙi ba ne. Hausawa ne 'yan ƙasa, yawancinsu 'ya'ya da jikokin Maguzawa, manoma masu zama a gidajen gona nesa da gari, inda taimako ba ya isa da wuri. Daga cikin irinsu ne aka sami Bishop Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi, wanda aka naɗa shugaban sabuwar Dayosis ɗin Katolika ta Katsina a 2023. To, ikkilisiyar da ke zaune a irin wannan wuri ba ta da zarafin ɗaukar baftisma kamar bikin suna ko hanyar samun kati.

Kabarin Da Muka Riga Muka Shiga

A sura ta 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, Manzo Bulus ya kwatanta baftisma da jana'iza. Mai shiga ruwa yana shiga kabari ne tare da Almasihu, mai fitowa kuma yana fitowa da rai irin wanda Almasihu ya tashi da shi. Don haka ne tun zamanin dā ikkilisiya ta haɗa baftisma da bikin Ista. Wajen shekara ta 200, wani malamin ikkilisiya na Afirka ta Arewa mai suna Tartuliyan ya rubuta cewa babu lokacin da ya fi dacewa da baftisma kamar wannan, har wa yau kuma 'yan Katolika a daren Ista suke yi wa manya baftisma. Ɗariƙu irin su ECWA da Baptis sukan nutsar da wanda ya riga ya tuba ya ba da gaskiya, Katolika da Angilika kuma sukan yi wa jarirai ma. Wannan bambanci tsoho ne, ba a nan za a warware shi ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ma'anar: tsohon mutum ya mutu, sabo ya tashi.

Mu duba yadda wannan ya shafi halin da ake ciki. Jarin ɗan bindiga ɗaya ne tak, wato tsoron mutuwa. Da shi yake sa wa ƙauye haraji kafin a yi shuka, da shi yake sa wani harajin kafin a yi girbi, da shi yake yanka wa mutum farashi kamar tunkiya a kara. Kalmar da yake amfani da ita kuwa tamu ce: fansa. Tun kafin a fara jin kuɗin fansa a rediyo, masu bi na ƙasar Hausa suna kiran Yesu Mai Fansa. Wanda aka yi wa baftisma an riga an biya fansarsa, an kuma sa masa hatimin Mai shi. Wasiƙar Ibraniyawa, sura ta 2, ta nuna cewa ɗaya daga cikin dalilan mutuwar Almasihu shi ne ya 'yantar da mutanen da tsoron mutuwa ya mayar bayi. Ɗan bindiga yana iya ɗaure hannu, yana iya kashe jiki, amma ba shi da ikon sauya wa mutum Ubangiji.

Kada a fahimci wannan a karkace. Bangaskiya ba ganganci ba ce. Yusufu ya gudu da Maryamu da jaririn zuwa Masar, almajirai kuma sun zura Bulus cikin kwando ta bayan ganuwar Dimashƙu don ya tsira. Iyalin da suka bar gidan gona suka koma Funtuwa ko Malumfashi ba su yi ridda ba. Wanda ya sayar da gonarsa ya fanso 'yarsa bai yi zunubi ba, zunubin yana wuyan wanda ya karɓa. Abin da baftisma take hana mu shi ne mu bar tsoro ya zama shi ne mai yanke mana hukunci a kan gaskiya da ƙarya, ko a kan wanda za mu karɓa da wanda za mu ƙi.

Waɗanda Suka Komo

A nan ne gwajin ikkilisiya yake. Wanda ya yi watanni a daji ba ya komowa kamar yadda ya tafi. Akwai mata da 'yan mata da aka ci wa mutunci, wata ma takan komo da ciki. Akwai waɗanda aka tilasta su yi wa masu tsaronsu girki ko dako. Wani, da bakin bindiga a ƙeyarsa, ya nuna gidan maƙwabci, ko ya ɓoye sunansa na baftisma, ko ya furta abin da yake jin kunyar tunawa. Irin wannan mutum yakan ji kamar ya ƙazantu, har ya tambayi fasto ko za a sake yi masa baftisma. Wani lokaci kuma ba shi ne mai tambayar ba, idanun jama'a ne suke yi masa ita.

Ikkilisiya ta taɓa fuskantar wannan, a nan Afirka kuwa. A shekara ta 250 Sarkin Rum Desiyus ya ba da doka kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Waɗansu masu bi suka tsaya har mutuwa, waɗansu da yawa suka kāsa. Da tsanani ya lafa, sai gardama ta tashi. Wani mai suna Nobatiyan a birnin Rum ya ce waɗanda suka faɗi ba su da sauran wuri a ikkilisiya. Amma majalisar bishop-bishop da ta zauna a Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, a shekara ta 251 a ƙarƙashin Bishop Sifiriyan, ta yanke cewa a karɓe su bayan tuba, kowa gwargwadon abin da ya yi da irin matsin da ya sha. Ba ta ce a sake yi musu baftisma ba. Bayan tsananin da Sarki Diyokilishiyan ya fara a 303, mabiyan Donatus suka ɓalle suna sake yi wa mutane baftisma, suna cewa su kaɗai ne tsarkaka. Agustin, Bishop na Hifo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi shekaru yana nuna musu cewa ƙarfin baftisma daga Almasihu yake, bai dogara ga tsarkin mai yi ko jaruntar wanda aka yi wa ba. Shaidar Bangaskiya da aka kammala a 381 ta furta baftisma guda ɗaya, nan take kuma ta bi ta da sa zuciya ga tashin matattu.

Idan har waɗanda suka durƙusa wa gunki da ƙafarsu ba a ce baftismarsu ta goge ba, ina dalilin da za a sa matar da aka yi wa fin ƙarfi a bencin baya? Horo na wanda ya yi laifi ne, ita kuwa ita aka yi wa laifi. Miji ba shi da hujjar korarta, Zumuntar Mata ba ta da hujjar yi mata kallon hadarin kaji, dattawa ba su da hujjar hana ta Jibin Ubangiji. Jaririn da ta haifa ma bai zaɓi ubansa ba, yana da haƙƙin suna da reno da addu'a kamar kowane ɗa a cikin ikkilisiya. Wanda kuma lamirinsa yake damunsa saboda abin da ya faɗa ko ya aikata cikin tsoro, hanyarsa ita ce ta Bitrus. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a daren da aka kama shi, amma bayan tashinsa, a bakin Tekun Galili, Ubangiji ya ciyar da shi, ya tambaye shi ƙauna, ya mayar masa da aikinsa. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Muna girmama waɗanda suka tsaya daram, irin su Leah Sharibu da aka sace a Dapchi a 2018, amma girmama jarumi ba ya nufin wulaƙanta mai rauni.

Jiki Ma Yana Da Daraja

Bangaskiyarmu ba ta tsaya ga cewa kurwa takan tafi sama ba. Muna shaida tashin jiki. Yesu da ya tashi ya ci abinci a gaban almajiransa, ya kuma nuna wa Toma tabon ƙusoshi da na mashi. Wato raunukan ba su ɓace ba, sai dai sun daina zama alamar nasarar masu kisa. Bulus kuma, a sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya ɗora dukan wa'azinsa a kan wannan, har ya nuna cewa in babu shi, sauran duka aikin banza ne.

Daga wannan akwai ta'aziyya, akwai kuma aiki. Ta'aziyyar ita ce ga waɗanda ba su sami gawar nasu ba, da waɗanda suka bar kaburburan iyayensu a kufai. Rashin jana'iza ba ya hana tashi. Wanda ya yi mutum daga turɓaya ya san inda kowane ƙashi yake, ko a dajin Rugu ne. Wanda aka yi wa baftisma kuwa an riga an yi masa jana'izar da ta fi kowace muhimmanci.

Aikin kuma shi ne kula da jikin masu rai. Tun da Allah zai ta da jiki, ba daidai ba ne a sallami wanda ya komo daga daji da addu'a kaɗai. Yana bukatar asibiti, da gwajin jini, da abinci, da wanda zai zauna ya saurare shi ba tare da ya kai labarinsa kasuwa ba. Yana bukatar iri da taki, domin gonar da aka sayar don fansarsa ita ce abincin gidan. Majami'un birane, a Katsina da Kano da Zariya da Kaduna, waɗanda suke da halin gina manyan ɗakunan sujada, ya kamata su tuna cewa ruwa ɗaya aka shiga da su da mutanen gidajen gona. Baikon Ista guda ɗaya da aka keɓe domin wannan zai ta da gidaje da yawa. In kuwa an zo rabon hatsi, maƙwabcin da ya rasa nasa a Unguwar Mantau ko Kadisau shi ma jikinsa halittar Allah ne.

Sulhu Da Tuba

Wannan ba shi ne sulhu na fari ba. Gwamnatin Aminu Masari ta gwada a 2016 da 2019, a 2020 kuma gwamnan da bakinsa ya ce an ci amanarsa. Gwamna Dikko Raɗɗa ya kafa rundunar tsaro ta jiha a watan Oktoba na 2023. A zaman 2025 an ga 'yan bindiga sun halarta da makamansu a kafaɗa, har da Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa a 2020 bisa zargin kisan Kadisau. Ba mu ga laifin manomin da ya yi maraba da duk abin da zai bar shi ya je gona ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma baftisma ta ba mu ma'auni. Yahaya Mai Baftisma bai yarda da tuban baki ba. A Luka sura ta 3, ya hana masu karɓar haraji cin ƙari, ya hana sojoji ƙwace. Zakka kuma da ya tuba, dukiyar mutane ya fara mayarwa. Saboda haka tambayoyin da ya kamata shugabanninmu su riƙa yi a duk inda aka zauna su ne: an sako dukan waɗanda ake tsare da su? An daina karɓar harajin noma? An ajiye makamai? Waɗanda aka raba da ƙauyukansu sun koma? Inda amsar ta zama a'a, to tsugune ba ta ƙare ba, kuma kowa ya tuba don wuya ba lada.

Gafara aikin mai bi ne, hukunci kuwa aikin hukuma ne, kamar yadda Romawa sura ta 13 ta nuna. Gwauruwa tana iya gafarta wa wanda ya kashe mijinta, amma wannan bai sauke wa gwamnati nauyin bincike da shari'a da diyya ba. Haka nan ruwan da muka shiga ya haramta mana ramuwar gayya. An sha jin yadda ake kashe Fulanin da ba su ji ba su gani ba a kasuwa ko a kan hanya saboda laifin waɗansu, wannan kuwa yana daga cikin abubuwan da suka rura wutar tun farko. Saurayinmu da ya shiga aikin tsaron ƙauye ya kare gida, amma kada hannun da aka yi wa baftisma ya taɓa marar laifi. Akwai kuma magana mafi wuya. Shawulu yana cikin masu goyon bayan kisan Istifanas, amma Hananiya, duk da tsoronsa, ya je wurinsa ya kira shi ɗan'uwa, aka yi masa baftisma. Ranar da ɗan bindiga ya ajiye bindigarsa da gaske ya ƙwanƙwasa ƙofar majami'a, ba mu da ikon cewa ruwan ya ƙare.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Akwai ƙananan abubuwa da kowace majami'a za ta iya yi tun yanzu. Kada a daina ajin baftisma saboda jama'a sun watse. Majami'ar da ta karɓi 'yan gudun hijira ta ci gaba da su daga inda suka tsaya. Inda zuwa rafi ko dam ya zama kasada, a gina kwarmi a harabar majami'a ko a nemi tanki. Wani tsohon littafin ikkilisiya da ake kira Didake, wanda aka rubuta kusa da zamanin manzanni, ya fi son ruwa mai gudu, amma ya ba da izinin wani ruwan in babu shi. Wanda katinsa ya ƙone tare da ɗakinsa, shaidar dattawa biyu ta isa, kada a mayar da shi baƙo a wurin Jibi. A kwafi littattafan rajista na majami'un ƙauye a ajiye a hedkwatar gunduma. A kuma rubuta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda ba a gani ba, da rana da wuri, a riƙa karanta su a sujadar Ista, domin ikkilisiyar da ke jiran tashin matattu ba ta barin a mayar da 'ya'yanta lissafi kawai.

Allah ya komo da waɗanda suka rage a daji, ya warkar da waɗanda suka komo, ya ta'azantar da gidajen Kirista da na Musulmi da aka yi wa rashi, ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya kuma ba ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa salama mai ɗorewa. Amin.